Haɗarin Aladu da Sauran Dabbobin Kiwo ga Lafiyar Mutum, da Hanyoyin Kauce Masa

Kiwo rufin asiri ne. Da akuya ake biyan kuɗin makaranta, da sa ake aurar da ɗiya, kaza kuwa ita ce ke fitar da mai gida kunya ranar da baƙo ya sauka. Amma dabbar da ke kwana tare da mu a tsakar gida tana iya zama silar jinya mai tsawo, wani lokaci har da rasa rai. Masana lafiya na duniya sun ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na cututtukan da ke yaɗuwa a tsakanin mutane daga dabbobi suka samo asali, kuma cikin sababbin cututtukan da ke ɓullowa, kusan uku cikin huɗu daga can suke fitowa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne: cutar dabba ba ta tsallakowa haka kawai. Akwai hanyoyin da take bi, mu ne muke buɗe mata su da hannunmu, kuma toshe su bai fi ƙarfin talaka ba.

Alade: haɗarinsa bai tsaya ga mai cin namansa ba

Da yawa daga cikinmu za su ce maganar alade ba ta shafe su ba, tunda ba sa kiwonsa, ba sa cin namansa. Sai dai ana kiwon aladu sosai a kudancin Kaduna, Filato, Binuwai, Taraba da Adamawa, kuma kasuwar Katsit da ke kusa da Kafanchan tana cikin manyan kasuwannin aladu na Najeriya. Rijiya ɗaya muke sha da maƙwabtanmu, kasuwa ɗaya muke ci. Saboda haka wajibi ne mai kiwo da maƙwabcinsa su san abin da ke ƙasa.

Babbar matsalar ita ce tsilar alade. Aladen da aka saki yana yawo yakan ci bayan gidan mutum a juji ko a bayan gari. Idan akwai ƙwayayen tsila a ciki, sai su ƙyanƙyashe su shiga tsokarsa, su zama 'yan ƙulle-ƙulle farare. Wanda ya ci naman bai dahu sosai ba, tsila za ta girma a hanjinsa, ya riƙa fitar da dubban ƙwayaye a bayan gidansa. Daga nan ne haɗari mafi muni yake farawa. Duk wanda ya haɗiyi waɗannan ƙwayaye, ta ruwan sha, ko ganyen da ba a wanke ba, ko abincin da mai tsilar ya taɓa da hannu marar tsabta, tsutsotsin suna iya bin jini su zauna a ƙwaƙwalwarsa. Sakamakon shi ne ciwon kai mai naci da farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yankunan da wannan tsila ta yi katutu, ita ke haddasa kusan kashi 30 cikin 100 na farfaɗiyar da ake gani. A farkon shekarun 1990 an samu cutar a ƙwaƙwalwar wasu Yahudawa a birnin New York na Amurka, mutanen da addininsu ya hana su cin alade. Bincike ya karkata ga masu aikin gida da ke ɗauke da tsilar. Don haka idan babban mutum ya fara farfaɗiya rana tsaka, kafin a ce iskokai ne, a kai shi asibiti a duba.

Alade kuma yana iya kamuwa da murar tsuntsaye da murar mutane a lokaci guda, ƙwayoyin su cakuɗu a jikinsa su fito da sabon iri. Murar da ta game duniya a 2009, wadda aka fara gani a Meksiko da Amurka, tana da asali daga irin wannan cakuɗa. A Malesiya kuwa, tsakanin 1998 da 1999, cutar Nipah ta tsallaka daga jemagu zuwa aladu, daga aladu zuwa masu kiwonsu. Mutum fiye da 100 suka mutu, aka hallaka aladu sama da miliyan ɗaya kafin a shawo kanta.

Maganin a bayyane yake. Mai kiwon alade ya killace shi a ɗaki mai nisa da rijiya da wurin girki, kada ya bar shi yawo. Kowane gida ya haƙa masai, a daina bayan gida a fili. Wanda ke cin naman ya dafa shi har cikinsa ya daina ja, ya kuma ƙi duk naman da ya ga ƙulle-ƙulle a jikinsa. Kowa da kowa kuma ya wanke hannu da sabulu bayan ya zagaya da kafin ya taɓa abinci.

Dabbar da ta faɗi: asarar da ta fi sauƙi

A nan ne mutanenmu suka fi shiga haɗari. Saniya ta kwanta ba zato, sai a ruga da wuƙa don kada ta yi mushe, a yi watanda, ko a sayar wa mahauci da araha. Idan ciwon saifa ne ya kayar da ita, kowa da ya feɗe, ya ɗauka, ko ya ci, ya shiga sahun masu iya kamuwa.

Alamominsa a dabba su ne mutuwar farat ɗaya, kumburin ciki da wuri, da baƙin jini da ke fita ta hanci, baki ko dubura ba ya daskarewa. A jikin mutum yakan fito a matsayin gyambo mai baƙin tsakiya wanda ba ya zafi sosai amma gefensa ya kumbura, ko kuma ciwon ciki mai tsanani da amai da gudawar jini ga wanda ya ci naman. A watan Yuni na 2023 cutar ta ɓulla a arewacin Gana, a watan Yuli kuma gwamnatin Najeriya ta tabbatar da ita a wata gona da ke yankin Suleja a jihar Neja. A lokacin ne aka gargaɗi jama'a game da cin ganda, domin fata ma tana ɗauke da cutar.

Dabbar da ta mutu haka, kada a feɗe ta, kada a ja ta a ƙasa, kada a bar karnuka da ungulaye su same ta. Da zarar an buɗe gawar iska ta shiga, ƙwayar cutar takan yi wa kanta sulke ta zauna a cikin ƙasa shekaru da dama, tana jiran dabbar da za ta zo kiwo a wurin. A kira malamin dabbobi, a ƙone gawar ko a binne ta a rami mai zurfin mita biyu, nesa da ruwa. Akwai allurar rigakafi da ake yi wa dabbobi sau ɗaya a shekara, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato tana haɗa ta. Mutumin da ya kamu kuwa yana warkewa idan ya je asibiti da wuri.

Hukuncin ɗaya ne ga kaji. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kuma a farkon 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Idan kaji suka fara zubewa da yawa a lokaci guda, kada a fige, kada a gasa, kada a kai kasuwa.

Nono da haihuwa

Makiyaya sun san bakkale, cutar da ke sa saniya ɓari da kumburin gwiwa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne tana kama mutum, ta hanyar ɗanyen nono da kuma taɓa ɗan da aka ɓarar, mabiyiya ko ruwan haihuwa da hannu tsirara. Mai ita yakan yi zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, gumin dare, ciwon baya da gaɓoɓi, wani lokaci da kumburin maraina. Sai a yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot wata da watanni, ba sauƙi. Maganinta na gaskiya haɗin ƙwayoyi ne da ake sha na tsawon mako shida ƙarƙashin kulawar likita. Tarin fuka na shanu ma ta ɗanyen nono yake shiga, kuma sau da yawa yakan bayyana da kumburin kaluluwa a wuya, musamman ga yara.

A 2016 zazzaɓin Rift Valley ya ɓarke a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, ya kashe mutum fiye da 30, akasarinsu makiyaya. Kafin mutane su fara kwanciya, dabbobi ne suka fara yawan ɓari da mutuwar ƙanana. Yawan ɓari a garke gargaɗi ne ga mutanen gidan baki ɗaya.

A tafasa madara kafin a sha, kuma a tafasa ta kafin a kwantar da ita ta zama kindirmo, domin tsami kaɗai ba ya ba da tabbacin kashe waɗannan ƙwayoyi. Wannan ya haɗa da nonon raƙumi, dabbar da aka gano tana ɗauke da cutar numfashi ta MERS wadda aka fara gani a Saudiyya a 2012. Mai taimaka wa dabba wajen haihuwa ya sa safar hannu. Idan babu, ya zura hannunsa a leda mai kauri ya ɗaure. A binne mabiyiya da ɗan ɓari. Mace mai juna biyu kada ta kusanci wannan aiki ko kaɗan.

Ƙaho, kofato da haƙori

Hausawa na cewa sabo turken wawa. Yawancin waɗanda dabba ke raunatawa masu ita ne, waɗanda suka saba da ita har suka daina kiyayewa. Bijimin da aka rena tun yana maraƙi yana iya tunkuyi ranar da ya balaga. Saniya mai sabon ɗa, jakin da aka zo masa ta baya, raƙumi a lokacin barbara, ragon layya da aka ɗaure a tsakar gida yara na tsokanarsa, duk sun sha kai mutane asibiti. Babban alade yana iya wuce kilo 200, namijinsa yana da haure mai tsaga nama, uwar da ke shayarwa kuma ba ta da sabo. Tun da alade yana cin nama, ƙaramin yaro ko tsohon da ya faɗi a cikin ɗakinsu yana cikin haɗari na gaske.

Kada a bar yaro shi kaɗai da babbar dabba, ko a tura shi kai wa aladu abinci. A kusanci dabba ta gefen da take ganin mutum, ana yi mata magana. Kada a naɗe igiyar sa ko ta raƙumi a hannu ko a ƙugu. Mai shiga garke ya san ta inda zai fita kafin ya shiga.

Idan dabba ta yi cizo ko ta ji wa mutum rauni, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar don allurar tetanus da duk abin da likita ya ga ya dace. Kada a shafa toka, ƙasa ko kashin shanu. A sani kuma cewa haukan kare yana kama shanu, jakuna da awaki idan mahaukacin kare ya cije su. Saniyar da ke dalalar da miyau ta kasa haɗiya, kada a zura mata hannu a baki da zaton wani abu ne ya maƙale mata. Da zarar alamomin wannan cuta sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira, amma allurar da aka fara da wuri tana hana ta.

Abin da ya rage gare mu

A raba makwancin dabba da na mutum, a nisanta turke da juji daga rijiya, a ware sabuwar dabbar da aka sayo na mako biyu kafin a haɗa ta da sauran. A sayi nama daga mayankar da ma'aikatan lafiya ke dubawa. Idan kuma rashin lafiya ta kai ka asibiti, ka gaya wa likita cewa kai makiyayi ne, ko mahauci, ko mai sayar da nono, ka faɗa masa idan dabba ta mutu ko ta yi ɓari a gidanka kwanan nan. Wannan bayani kaɗai yana iya sa a gano cutar da aka daɗe ana lalube.

Ina kira ga sarakunan fawa, arɗo-arɗo, masu unguwanni, limamai da fastoci da su riƙa faɗakar da jama'arsu, hukumomi kuma su kai allurar dabbobi har ruga da ƙauye, su biya diyya ga wanda aka hallaka dabbobinsa don kada tsoron asara ya sa mutane ɓoye cuta. Kai kuma mai kiwo, ranar da dabbarka ta faɗi ba ka san dalili ba, ka haƙura da naman, ka kira malamin dabbobi. Ana mayar da saniya, amma ba a mayar da ɗa.