Ya Bar Sallah, Amma Bai Bar Filin Idi Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, darasinmu na yau ya taso ne daga wani saƙo da aka turo mini a ɓoye bayan babbar sallah. Wani matashi ne ɗan ƙasar Gumel, yana aiki a wani birni mai nisa. Ya yarda in kawo maganarsa, amma ban da sunansa da garinsu. Don Allah kada kowa ya tambaye ni, amana ce.

Ya ce: "Allah Ya gafarta Malam, ni fa shekara uku rabona da yin sallah don kaina, abin ya fita daga zuciyata. Amma ƙaramar sallah da babba sai na hau mota na zo gida. In sa sabon kaya, in bi mutane idi, in tsaya a sahu. Da Babanmu ya rasu, da ni aka ɗauki makara. A can inda nake ina cikin wani zauren WhatsApp na masu irin ra'ayina, muna hira har tsakar dare. Amma da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana huɗu, babu wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Malam, me nake nema ne?"

Na daɗe ina juya tambayar nan. Ga abin da na fahimta.

Na farko: ba shi ne farau ba.

Mutum yana iya barin aƙida, amma buƙatar jama'a ba ta barinsa. Tarihin Turawa ya ishe mu misali. A Faransa, a 1793, masu juyin juya hali sun mayar da babbar majami'ar Notre-Dame wurin bikin girmama hankali. Bayan su, wani masanin falsafa mai suna Auguste Comte, wanda ya mutu a 1857, ya tsara abin da ya kira addinin 'yan Adamtaka. Babu Allah a ciki, amma akwai limamai, da bukukuwa, da kalanda mai wata 13. A Jamus ta Gabas kuma, zamanin kwaminisanci, gwamnati ta raya wani biki na yara 'yan shekara 14 don ya maye gurbin na coci, kuma har yau ana yin sa.

Na kusa-kusa shi ne na Landan. A watan Janairun 2013, wasu masu wasan barkwanci biyu, Sanderson Jones da Pippa Evans, suka buɗe taron da suka sa wa suna Sunday Assembly, a cikin wani tsohon coci. Ranar Lahadi ake haɗuwa, a yi waƙa tare, wani ya yi jawabi, a yi shiru na ɗan lokaci, a zaga da abin karɓar gudummawa, a sha shayi. Komai na coci, ban da Ubangiji. Abin ya bazu zuwa Amurka da Ostareliya cikin ƙanƙanen lokaci, daga baya kuma rassa da dama suka rufe.

Kun gani ko? Sun fita daga ɗakin, amma sun tafi da tabarmar.

Na biyu: a Musulunci ibada da jama'a tare aka saƙa su.

Dubi sallar jam'i, wadda hadisi ya tabbatar ta fi ta mutum ɗaya da daraja 27. Dubi Juma'a duk mako, idi biyu duk shekara, Arfa sau ɗaya a rayuwa ga mai iko. Jana'iza farilla ce a kan al'umma, in babu wanda ya yi kowa ya yi laifi. Gaida mara lafiya haƙƙi ne, ba alfarma ba.

Wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san abin da nake faɗa. Ga mai raƙuma daga Nijar, ga Bafulatani da shanunsa, ga dillali, ga direban da zai yi lodi zuwa kudu. Tun safe ana ciniki, ana musu a kan kuɗi. Da an kira azahar, sai ka ga mutanen da ba su san sunan juna ba sun haɗa kafaɗa a bayan liman guda. Babu wanda ya raba katin gayyata, babu kwamitin da ya zauna. Abin da ya tsayar da su sahu ɗaya ba son taro ba ne, umarni ne daga Wanda suka yarda Ya fi su duka. A ganina nan ne tarukan da na ambata suke samun tangarɗa. Taron da aka kafa don jin daɗin haɗuwa, ranar da daɗin ya ragu sai kowa ya kama gabansa. Wanda aka kafa don Allah, ko kana jin haushin maƙwabcinka dole ka tsaya kusa da shi da asuba.

Na uku: raba mutum da jama'a ba ƙaramin abu ba ne.

Ku tuna ƙissar Ka'abu bin Malik, Allah Ya ƙara masa yarda. A shekara ta 9 bayan hijira bai fita yaƙin Tabuka ba, shi da Murara bin Rabi'u da Hilalu bin Umayya. Manzon Allah (SAW) ya hana a yi musu magana har kwana 50. Ka'abu ya haura katangar gonar ɗan uwansa Abu Ƙatada ya yi sallama, ba a amsa ba. Suratut Tauba, aya ta 118, ta siffanta irin ƙuncin da suka shiga.

To, a daidai wannan lokaci ne wasiƙa ta zo masa daga sarkin Gassan, yana kiransa ya koma wurinsu a karrama shi. Ka'abu ya jefa ta a wuta. Amma ku lura da lokacin da ta zo: sai da aka ga shi kaɗai. Wancan ƙauracewa hukuncin Annabi ne, kuma wahayi ne ya kawo ƙarshensa. Mu ba a yi mana wahayi. Yaron da muka kora yau saboda ya yi tambaya, wasiƙar Gassan tana cikin aljihunsa, a wayarsa, kuma ba kowa ne Ka'abu ba.

Na huɗu: mu duba kanmu.

Mu nawa ne muke zuwa idi don hawan sallah da sabon ɗinki, alhali masallacin unguwa bai san fuskarmu da asuba ba? Mu nawa muka san wanda ya daina zuwa sahu a layinmu, muka bi sawunsa muka ce lafiya? Wani talauci ne ya ɓoye shi, wani ciwo, wani kuma shubuha ce ta shige shi, ya kai wa malami aka ce masa kafiri tun bai rufe baki ba. Haba jama'a! Shubuha da ilimi ake warkar da ita, ba da tsawa ba. Kuma babu wanda shari'a ta ba shi izinin ɗaukar doka a hannunsa, ko tona asirin wanda ya rufa wa kansa.

Ga amsar da na ba shi. Na ce: "Ƙanena, ba zan yaudare ka ba. Tsayuwa a sahu babu imani ba ta zama sallah, kuma al'amarin da kake ciki babba ne. Amma kada ka daina zuwa gida, kada ka yanke zumunci da mahaifiyarka. Abin nan da yake jawo ka idi, kada ka raina shi, ka tambayi kanka daga ina yake. Tambayoyinka kuma ka kawo su ɗaya bayan ɗaya. Wadda na sani in amsa, wadda ta fi ƙarfina in kai ka wurin wanda ya fi ni."

Ya turo ta farko, muna kai. Ku sa shi a addu'a.

Ku kuma aikinku na wannan mako: kowa ya tuna mutum ɗaya da ya kwana biyu bai gani a masallaci ba. Kada ka je da wa'azi. Ka je da sallama, ka tambayi lafiyarsa.

Allah Ya tabbatar da zukatanmu a kan addininSa, Ya shiryi 'ya'yanmu, Ya sa mu cika da imani. Wallahu a'alam.