Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Waƙa Ke Riga Fim Fitowa?

Tambayarmu ta yau daga wani mai sauraro ce a Madawa, cikin jihar Tawa. Ya ce shi da abokansa na Buza da Keita sukan ga bidiyon waƙa ya cika wayoyi, fim ɗin kuma sai bayan watanni. Me ke kawo haka?

To, Malam, talla ce. Tun daga fim ɗin Sangaya, wanda ya yi tashe wajen 1999, masu shirya fina-finan Kano suka gane waƙa ce ke sayar da fim. Shi ya sa ake sakinta da wuri, tare da ɗan guntun fim ɗin, don a ja hankalin 'yan kallo. Manyan fina-finai kuwa akan ajiye su sai bikin Sallah, lokacin da jama'a ke da sukuni. Akwai kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. Sai ta duba fim kafin ya shiga kasuwa.

Yanzu kasuwar faifai ta mutu, harka ta koma YouTube da tashar Arewa24, inda fina-finai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So ke fita mako-mako. Mawaƙa ma sun ci gashin kansu: waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta karaɗe ƙasar Hausa a 2020.

Shawararmu, ku riƙa duba shafukan kamfanonin da kansu don sanin ranar fitowa. Masu tura fim a waya sukan sa wa tsoho sabon suna.

Da fatan ka gamsu.