Labarin Gaspra, da Yadda Aka Auna Shi Daga Nesa

In muka gaya wa yara a aji akwai wani dutse can a sama wanda ke kewaya rana, tsawonsa kaza, tafiyarsa kaza, ba a rasa mai wayo a cikinsu wanda zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, wa ya je ya auno?" Tambayarsa kuwa tana kan hanya. Malamin da ba shi da amsa sai "haka aka rubuta a littafi" ya bar yaron nan da hadda kurum. Saboda haka muka ga ya kamata mu ɗauki dutse guda, wanda a ke kira Gaspra, mu bi hanyoyin da masana taurari suka bi har suka san shi, domin ko wanenmu ya sami abin amsawa ran da aka tambaye shi.

Inda ya ke

Tun da nisan sama ya fi ƙarfin mil da kilomita, sai masana suka mai da nisan da ke tsakanin rana da duniyarmu ya zama ma'auni. Nisan nan wajen kilomita miliyan 150 ne, watau mil miliyan 93. Bari mu kira shi zango ɗaya. Mirrihi tana zango ɗaya da rabi daga rana, Mushtari kuwa tana zango 5.2. A tsakaninsu akwai wata ɗamara ta duwatsu manya da ƙanana, mafi yawansu daga zango 2.1 zuwa 3.3, ko wanne yana kewaya rana a kan hanyarsa. Na farkonsu da aka gani, kuma babbansu, shi ne Ceres, wanda Piazzi ya gano a Palermo ta ƙasar Italiya ran 1 ga Janairu 1801; faɗinsa wajen kilomita 940. A 1802 William Herschel ya sa wa irinsu suna astaroid, ma'anarsa mai kama da tauraro, don a cikin madubin hangen nesa ba su wuce ɗigon haske ba. Yanzu an san fiye da miliyan ɗaya, amma da za a tara na ɗamarar duka, nauyinsu ba zai wuce kashi 3 ko 4 cikin 100 na nauyin wata ba. Ƙarfin jan Mushtari ne ya hana su haɗuwa su zama duniya guda tun farko.

Ana iya nuna wannan a filin wasa. A tsai da yaro a matsayin rana, a sa duniya taki 10 daga gare shi, Mirrihi taki 15, Gaspra taki 22, Mushtari taki 52.

Yadda aka gano shi

Tun daga 1891, sa'ad da Max Wolf ya fara dabarar a ƙasar Jamus, da hoto a ke farautar duwatsun nan. Akan bar na'urar hoto a buɗe sa'a guda ko fiye, madubi yana bin taurari sannu a hankali. Taurari su fito ɗigo ɗigo, abin da ke tafiya a tsakaninsu kuwa ya bar ɗan zane gajere. Ran 30 ga Yuli 1916 wani masani, Grigory Neujmin, ya gano namu a gidan duban taurari na Simeiz cikin Kirimiya, wadda a lokacin tana ƙarƙashin Sarkin Rasha. Aka ba shi lamba 951, aka kuma sa masa sunan Gaspra, wani ɗan gari na shan iska a bakin Bahar Aswad.

Hanyarsa

Ganin dutse dare ɗaya ba ya isa, sai an san hanyarsa, in ba haka ba ya ɓace. Gauss ya nuna a 1801 cewa in an auna matsayin abu a sama sau uku, a darare dabam dabam, ana iya lissafa hanyarsa. Da lissafinsa ne aka sāke samun Ceres bayan ya ɓuya cikin hasken rana. Hanyar nan ba da'ira ce sosai ba, ta ɗan yi tsawo kamar ƙwai. A kafa turke biyu a ƙasa, a zarga musu igiya sako-sako wadda aka ƙulla bakinta, a ja ta da tsinke a kewaya. Siffar da ta fito ita ce, rana kuwa tana gurbin turke ɗaya. Don haka Gaspra yakan kusato rana har kilomita miliyan 273, ya kuma nisanta har miliyan 388. Matsakaicin nisansa zango 2.21 ne.

Daga nan sai mu nemi tsawon shekararsa da ka'idar da Kepler ya bayyana a 1619. A ɗauki nisan da zango, a ninka shi da kansa, a sāke ninkawa: 2.21 sau 2.21 sau 2.21 ya ba mu wajen 10.8. Sa'an nan a nemi adadin da in aka ninka shi da kansa zai ba da 10.8, watau wajen 3.29. Shekararsa ke nan, shekara 3 da wata 3 da 'yan kwanaki irin namu, ko kuwa kwana wajen 1,200. Yaron da ya iya sau zai iya wannan a kan allonsa.

Juyawarsa

In an tsura wa Gaspra ma'aunin haske dare guda, sai a ga haskensa yana ƙaruwa yana raguwa bisa ƙa'ida. Ga dalili. A soke dankali mai tsawo da tsinke ta tsakiyarsa, a riƙe shi gaban fitila cikin ɗaki mai duhu, a riƙa juya shi. Sa'ad da ya ba mu gefensa mai faɗi haske ya yi yawa, sa'ad da ya ba mu kansa haske ya ragu, kuma haka za ta faru sau biyu a ko wane juyi. Da ƙidayar lokacin nan aka san Gaspra yana juyawa sau ɗaya cikin sa'a 7 da 'yan mintoci, yawan bambancin hasken kuma ya nuna dogo ne, ba dunƙulalle ba.

Girmansa da irinsa

Nan akwai tarko. Ƙaramin dutse fari da babban dutse baƙi suna iya ba da haske daidai da juna daga nesa, don haka haske kaɗai ba ya faɗin girma. Amma duk mun san baƙar riga ta fi fara zafi a rana, gama hasken da abu bai mayar ba shi ne ya ke shanyewa ya zama zafi. In aka auna hasken da dutse ya mayar, aka kuma auna ɗumin da ke fita daga gare shi, aka haɗa su da nisansa, sai a san farinsa da girmansa gaba ɗaya. Gaspra yana mayar da tsakanin humusi da rubu'i na hasken da ya sauka a kansa. Waɗansu baƙaƙen duwatsun ɗamarar ba su mayar da ko ushuri.

Irin dutsen kuma daga hasken a ke gane shi. Akan ratsa hasken ta cikin gilashi ya rabu launi launi kamar bakan gizo, ko wane ma'adini kuwa yana da launukan da ya ke shanyewa. Gurbin da ya dushe shi ke tona asirinsa. Ta haka aka gane Gaspra dutsen tsakuwa ne, irin da masana ke yi wa alama da harafin S, cikinsa da ma'adinai biyu da a ke samu a duwatsun aman wuta na duniyarmu, olibin da firoksin.

Gani ya kori ji

Shekara 75 ana sanin Gaspra da lissafi kaɗai. A 1989 Amurka ta harba kumbon Galileo zuwa Mushtari, aka tsara hanyarsa ta bi ta kusa da dutsen. Ran 29 ga Oktoba 1991 ya wuce shi da ratar kilomita 1,600, yana gudun kilomita 8 a daƙiƙa, ya ɗauki hotonsa. Wannan ne karo na farko da aka ga ɗaya daga cikin duwatsun nan kusa kusa. Babbar eriyar kumbon ta ƙi buɗewa, saboda haka hoto na farko ya iso a Nuwamba 1991, sauran kuwa sai a 1992.

Da hotunan suka iso, sai ga dutse dogo mai kusurwa kusurwa, tsawonsa wajen kilomita 18, faɗinsa 10 da rabi, kaurinsa 9. Mai tafiya a ƙasa zai ƙure tsawon nan cikin sa'a 4. Wurin da aka ce za a same shi, da siffarsa, da juyawarsa, da irin dutsensa, duk sun yi daidai da lissafi. Hoton kuma ya ƙara abin da lissafi bai iya bayarwa ba. An ƙirga ramuka fiye da 600 waɗanda faɗowar ƙananan duwatsu ta haƙa, galibinsu ƙanana ne. Tun da ramuka suna taruwa da daɗewa, ƙarancin manyansu ya nuna fuskarsa sabuwa ce in an gwada ta da rana da duniyoyinta, masu shekara wajen miliyan 4,500. Wannan, da tsage-tsagen da ke jikinsa, shi ya sa masana suka ɗauka ɓantare ne daga wani babban dutse da karo ya farfasa. Ƙarfin jansa kuwa bai kai ya dunƙule shi ba. Yaro zai iya jefa tsakuwa daga kansa ta tafi ba ta komo ba.

To, 'yan'uwa, ga amsar yaron nan. An auno da matsayin ɗigon haske, da ƙaruwarsa da raguwarsa, da ɗuminsa, da launinsa, sa'an nan aka aika kumbo ya je ya shaida. Turke da igiya, da dankali da fitila, ba su fi ƙarfin ko wace makaranta ba. Ga kuma aiki ga mai so: matsakaicin nisan Ceres daga rana zango 2.77 ne. A bi ka'idar Kepler a faɗa mana tsawon shekararsa.