Darasi na 14: Rububin Sayayya a Lokacin Annoba

Karanta wannan bayani a tsanake, sannan ka amsa tambayoyin da ke ƙasa.

Ɗalibi, ka ɗauka an aike ka kasuwar Zonkwa sayen gishiri. Da isarka sai ka tarar da jama'a sun yi cincirindo, kowa na neman mudu biyar maimakon ɗaya. Kafin azahar gishirin ya ƙare, ka koma gida hannu rabbana. Wannan shi ake kira rububin sayayya, wato mutane su afka wa wani kaya saboda tsoron kada ya ƙare.

Irin haka ya taɓa faruwa a Nijeriya. A watan Yuli na 2014 cutar Ebola ta ɓulla a Legas. Cikin watan Agusta sai jita-jita ta bazu ta wayar salula cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna kare mutum daga cutar. Jama'a suka yi ta sayen gishiri, wasu suka sha har aka kwantar da su a asibiti. Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ƙaryata maganar.

A 2020 kuma annobar korona ta iso. A ƙarshen watan Maris gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar hana fita, wadda ta shafi Zonkwa da Kafanchan da sauran garuruwan jihar. A faɗin ƙasar nan takunkumin rufe baki da hanci da man tsabtace hannu suka yi tsada, suka kuma yi wuyar samu a kemis. Da teloli suka fara ɗinka takunkumi da atamfa, sai aka sami sauƙi.

Har a ƙasashe masu arziki akan yi wannan rububi. A Japan, cikin watan Fabrairu na 2020, aka baza labarin cewa takardar bayan gida za ta ƙare, wai daga ƙasar Sin ake kawo ta. Alhali kuwa kusan duk wadda suke amfani da ita a cikin Japan ake yin ta. Duk da haka, cikin 'yan kwanaki kantuna suka zama wayam.

Ka lura da yadda abin ke tafiya. Mai kanti yakan ajiye kaya daidai da abin da ya saba sayarwa. Idan mutum 100 suka saba sayen sabulu ɗai-ɗai, sannan kowannensu ya sayi biyar, ana bukatar 500 ke nan a rana guda. Wanda ya zo daga baya ya ga babu, sai ya gaskata jita-jitar, shi ma ya ruga wani kanti. Masu ɓoye kaya su ninka farashi. A ƙarshe talaka da tsoho da ma'aikacin asibiti su ne ke rasawa.

Hausawa na cewa, "Sauri ya haifi nawa." Idan ka ji labari, ka bincika wajen ma'aikatan lafiya kafin ka yaɗa shi. Ka sayi gwargwadon bukatarka, domin idan maƙwabcinka ya rasa sabulun wanke hannu, kai ma kana cikin haɗari.

Ma'anar Kalmomi
annoba: cuta mai saurin yaɗuwa
cincirindo: taron jama'a mai yawa
jita-jita: labarin da ba a tabbatar da shi ba
wayam: babu komai a ciki

Tambayoyi
1. Mene ne rububin sayayya?
2. Wace jita-jita ce ta bazu a 2014?
3. Ta yaya teloli suka taimaka a 2020?
4. Su wane ne suka fi cutuwa idan kaya ya ƙare?

Aikin Gida
Tambayi wani babba a gidanku abin da ya gani a kasuwa lokacin korona. Rubuta amsarsa cikin jimloli biyar.