Mota Ni'ima Ce, Sitiyari Kuwa Amana

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi duk wanda ya mallaki mota, ko yake tuƙa ta mutane, tun daga ƙaramar mota har zuwa tanka da tirela. A cikin Suratun Nahli, aya ta 8, Allah Ta'ala Ya lissafa dawaki da alfadarai da jakuna cikin ni'imominSa, domin hawa da kuma ado, sa'an nan Ya sanar cewa Yana halittar abin da mutane ba su sani ba. Malamai da yawa na wannan zamani sun sanya mota da jirgi a ƙarƙashin ƙarshen ayar. Tun da an ambaci ado tare da hawa, ba laifi ba ne mutum ya so motarsa, ya wanke ta, ya ji daɗin tuƙinta. Laifin yana farawa ne a inda jin daɗin mutum ɗaya ya zama barazana ga ran wani.

Wataƙila wani ya ce ai babu mota a zamanin magabata, ina aka samo hukuncinta? Amsa ita ce an same shi ta hanyar ƙiyasi a kan dabbar hawa. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa, da Ibn Abi Zaid Alƙairawani a cikin Risala, sun tabbatar da cewa mai jan dabba da mai kora ta da mahayinta duk suna lamunce abin da ta taka, sai fa abin da ta yi ba da sa hannunsu ba. To, idan an ɗora lamuni a kan mahayin doki, alhali kuwa doki yana da ransa, yana iya tuma ko ya yi turjiya, ina ga direba, wanda motarsa ba ta motsi sai ya taka totur, ba ta juyawa sai ya murɗa sitiyari?

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a kan wannan mas'ala a ƙasar Burunai cikin shekarar 1993. Ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, gama yana cikin ɗa'a ga shugabanni a kan abin da yake maslahar jama'a. Ta kuma yanke cewa direba yana lamunce ɓarnar da ya yi ga jiki ko dukiya, ba a ɗauke masa sai a wurare uku: idan abin da ya fi ƙarfinsa ne ya auku, wanda ba shi da ikon kauce masa, ko wanda aka buge ɗin shi ne ya jawo haɗarin da aikinsa, ko kuwa wani na uku ne ya yi sakacin. Saboda haka iyakar gudu da hukuma ta sa, kamar kilomita 50 a sa'a cikin gari da 100 a babbar hanya ga ƙananan motoci a Nijeriya, abu ne da Musulmi yake kiyayewa don Allah, ko akwai jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra a gaba ko babu.

Mai son gudu ya kamata ya yi wannan lissafi. Motar da take gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya. Direban da ya sunkuya daƙiƙa uku yana duban waya ya yi tafiyar fiye da mita 80 bai ga hanya ba. Har wa yau, idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake bukata kafin mota ta tsaya yakan ninku sau huɗu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mutum wajen miliyan 1.19 suke mutuwa a hanyoyi kowace shekara. Bukhari ya ruwaito cewa ranar saukowa daga Arfa, da Manzon Allah (S.A.W.) ya ji ana tsawa ana dukan raƙuma, sai ya umarci mutane da natsuwa, ya sanar da su cewa gaggawa ba ita ce aikin ɗa'a ba.

Idan kuwa rai ya salwanta ta sakacin direba, hukuncinsa na kisan kuskure ne, kamar yadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta bayyana, kuma haƙƙi biyu ne suke hawa. Na farko diyya, haƙƙin magada: raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinariya, watau kimanin giram 4,250, ko dirhami 12,000 na azurfa. Dangin direba na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ne suke haɗuwa su biya cikin shekara uku. Na biyu kaffara, haƙƙin Allah: 'yanta baiwa ko bawa mumini, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. A mazhabar Malikiyya ciyarwa ba ta tsayawa a madadin wannan azumi. A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Sau da yawa iyalan mamaci sukan ce sun yafe, ƙaddara ce, sai direba ya koma gida yana zaton ya fita. Yafewar magada tana kayar da diyya kaɗai, amma kaffara tana nan a wuyansa. A wurin jumhurun malamai kuma kowane rai da kaffararsa, watau wanda ya yi sanadin rai biyar, azumin wata goma ne yake jiransa.

Ƙaddara gaskiya ce, babu Musulmin da yake shakka a kanta, sai dai ba ta zama hujja ga mai sakaci. Wanda ya san birkinsa ba ya ci, ko tayarsa ta suɗe, ko ya yi lodi fiye da ƙima, ko ya sha ƙwaya don ya kori barci, ko ya wuce mota a kwana bai ga gabansa ba, shi ya jawo sababin da hannunsa. Mai motar ma yana da nasa rabon zunubin idan ya ƙi gyara, ko ya yanka wa direba kuɗin da ba zai iya kawowa ba sai da gudu da hana ido barci. Haka uban da ya miƙa makulli ga yaron da ba shi da lasin, ya je yana wasa da mota a wurin biki. Fasinja kuma, idan ya ga ganganci, wajibinsa ne ya yi magana, gama hani ga mummuna yana cikin haƙƙoƙin hanya da hadisi ya lissafa.

Saboda haka direba ya duba birki da taya da fitila kafin ya tashi, ya karanta addu'ar hawa wadda take cikin Suratuz Zukhruf, aya ta 13 da ta 14, ya lura da cewa ta ƙare da tuna komawa ga Ubangiji. Wanda kuma ya san akwai rai a wuyansa tun shekarun baya, ya je wurin malami ya bayyana yadda abin ya auku, ya ji hukuncinsa, ya fara azuminsa tun yana da ƙarfi.

Allah Ya kiyaye matafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.