Darasi: Yadda za mu adana hoton takardunmu ba tare da ya dushe ba



Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, iyalai da dama sun bar gidajensu ba takarda a hannu. Abin da ya rage musu shi ne hoton katin ɗan ƙasa, ko takardar haihuwa, ko shaidar makarantar yara a cikin waya. A wurin rajista mukan ga hoton da lambobinsa suka cakuɗe, ba a bambance 3 da 8. Irin wannan yakan jawo jinkiri.

Me ke kawo haka? Yawancin wayoyi suna ajiye hoto a tsarin JPEG, wanda ya fito a 1992. Shi yakan zubar da wani ɓangare na hoton don ya yi sauƙi. Duk lokacin da aka yanke hoton ko aka gyara shi aka sake ajiyewa, sai ya ƙara zubar da wani abu. WhatsApp ma yakan matse hoto kafin ya tura. Tsarin PNG kuwa, wanda ya fito a 1996, ba ya zubar da komai, ko sau nawa aka sake ajiye shi.

Amma a lura: mayar da JPEG zuwa PNG ba ya dawo da abin da ya riga ya ɓace. Nonon da aka tsarma da ruwa, ko an juye shi a sabuwar ƙwarya, ba zai koma kindirmo ba. Amfanin juyawar shi ne tsayar da ɓarnar inda take. Kuma PNG ya fi nauyi sosai, yana cin wuri da data.

Ga abin da muke ba da shawara:

1. A goge idon kyamara, a shimfiɗa takarda a inuwa mai haske, a ɗauki gaba da baya. A buɗa hoton a tabbata kowace lamba tana karantuwa.
2. Hoton farko shi ne uwa. Kada a taɓa shi. In za a yanke ko a gyara, a yi kwafi, a mayar da kwafin PNG, a yi aikin a kansa.
3. In za a tura ta WhatsApp, a zaɓi turawa a matsayin takarda, wato mustanad a wayar Larabci. Hoton zai isa yadda yake.
4. A ajiye a wuri biyu: katin memori da imel, ko wayar ɗan'uwa amintacce. Ba mu manta yadda intanet ta ɗauke a Fabrairun 2024 ba.
5. Kada a tura wa baƙo hoton takarda. Rajista kyauta ce. Wanda ya nemi kuɗi, a sanar da mu.

Hoto ba ya maye gurbin takarda ta asali, amma yana taimakawa wajen neman wata. Wanda wayar ta ba shi wuya, ya zo teburin kariya mu yi tare. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.