Darasin Wannan Mako: Abincin Kifin da Muke Ci

Jama'a, da yawa daga cikinmu nan Sabo muna sayen busasshen kifi da jatan lande, wasu ma da su suke cin abinci a kasuwa. To amma me kifin yake ci tun yana ɗan tsako?

In aka ɗebo ruwan tafkin Legas a kofi, ido zai ce ba komai a ciki. A sa ɗigo ɗaya ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai a ga halittu suna ta wutsil-wutsil. Masana suna kiransu zufilankiton, wato ƙananan dabbobin da ruwa ke ɗauka duk inda ya nufa. Waɗanda suka fi yawa su ne kofifod, dangin jatan lande, akasarinsu ba su wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Akwai kuma 'ya'yan kaguwa da ƙwan kifi. Su suke cin ƙananan tsirran ruwa, 'ya'yan kifi kuma su ci su. Da rana sukan nutse ƙasa don guje wa maƙiya, da dare su taso kiwo.

Ko su ma suna da ci-rani irin namu. Da damina koguna kan cika tafkin da ruwan daɗi, gishiri ya ragu, sai irin na kogi, kamar rotifa, su yi yawa. Da rani ruwan teku ya kutso ta mashigar jiragen ruwa, irin na teku su biyo shi. Cibiyar binciken teku ta tarayya da ke Victoria Island, wadda aka kafa a 1975, tana cikin masu nazarin wannan ruwa.

Ga inda abin ya shafe mu. Kwatamin Badun yana zuba cikin Ogunpa, Ogunpa ta shiga kogin Ona, Ona kuwa can tafkin Legas yake ƙarewa. Idan ƙazanta ta yi yawa, iskar da ke cikin ruwa takan ragu, ire-iren halittun su ƙaranta, 'yan kaɗan masu jure dauɗa su mamaye wurin. Ɗan kifin da ya ƙyanƙyashe bai tarar da abincin da ya dace da bakinsa ba, cikin 'yan kwanaki zai mutu.

Saboda haka baƙin man inji, jinin yanka da ruwan rini, kada mu juye su a kwata. Man inji a tara shi a jarka, akwai masu saye.